Ragon Sunan Da Bai Ga Lerwick Ba

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Manchester ya san Bara'u Akanta, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a ja. Shi ne mai ɗauko baƙo daga filin jirgi, shi ne mai nemo wa sabon ɗalibi ɗaki. Ciwonsa guda ne, kuma gaskiya dukkanmu muna da ɗan namu: tun da ya taka ƙasar nan ba a taɓa jin bakinsa ya ce "ban sani ba". Tambaye shi bas ɗin da ke zuwa Salford, zai gaya maka. Tambaye shi maganin ciwon gwiwa, zai gaya maka, ko da likitoci uku na zaune a falon. Mu kuma da yake mutanen kunya ne, sai mu gyaɗa kai mu ce haka ne, in mun fita waje mu duba waya.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ba shi da takwara. 'Ya'yansa mata ne, Jannat da ƙannenta, yana kuma son su kamar ransa, amma shekara da shekaru yana ɗawainiya da jama'a ba wanda ya taɓa sa wa ɗa sunansa. Ga Ɗan'azumi, maƙwabcinsa a Moss Side kuma abokin tsokanarsa, wanda ko shayi ba ya iya haɗa wa baƙo, an yi masa takwara har biyu. A fili Bara'u kan ce sunan ne ya yi wa mutanen yanzu nauyi, sun fi son su Zayd. A ransa kuwa abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Ana nan sai Hafsa ta haihu. Hafsa ƙanwar matarsa Zinatu ce, mijinta Abdussalam likita ne a wani gari can ƙuryar arewacin Scotland mai suna Lerwick. Wannan Abdussalam ɗin, lokacin da ya zo rubuta jarrabawar likitoci, wata da watanni ya yi yana kwana a kan kujerar falon Bara'u. Don haka da Zinatu ta ce namiji aka samu, Bara'u ya ajiye cokali ya gyara zama. Ba a roƙon takwara da baki, ya sani. Abin da ake yi shi ne bajintar da za ta sa uban yaro ya ji kunyar sa wani sunan daban.

Da yamma mutane suka cika gidansa yin barka. Ɗan'azumi ne ya fara ɓaro magana, ya ce shi dai Allah ya kiyashe shi da aiki a wannan Larwik ɗin. Bara'u ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya. Ashe tun da rana ya shiga kicin ya karanta layi biyu na farko a waya game da garin, ya kashe, don a ganinsa sauran cikon shafi ne.

"Ba Larwik ba ne, mutumina. Harafin tsakiyar nan haɗiye shi ake yi. Lerik. Kowa ya ce Lerik."

Injiniyoyi da masu binciken digiri na uku suka bi shi suna maimaitawa kamar 'yan firamare. Ya ƙara musu da cewa sunan daga harshen tsofaffin mutanen Norway ya fito, ma'anarsa gaɓar ruwa mai laka. Aka jinjina kai. Ɗan'azumi ya ce to Malam, faɗa dai mun iya, a ina yake?

Bara'u ya fita ya ciro taswirar makarantar Jannat daga bango, ya shimfiɗa ta a kan tebur tsakanin kofunan shayi. Ga tsibiran Shetland, inda garin yake, a cikin wani ɗan akwati da aka zana, dab da gaɓar Aberdeen. Ya auna ruwan da ke tsakani, yatsa biyu cif. Ya ce ku duba, har akwati suka yi wa wurin saboda muhimmancinsa.

To, masu zanen taswira suna da wata dabara. Tsibiran nan can suke tsakiyar teku, in aka ce a zana su a inda Allah ya ajiye su takardar ba za ta isa ba, sai a ciro su a sa a akwati a kusurwa. Rabin mutanen falon sun san haka. Amma wa zai kunyata mai gida a falonsa, alhali ana shan shayinsa? Kowa ya ɗauka wani zai ja shi gefe ya gaya masa, aka watse ba wanda ya ja shi.

Nan take ya zana shirinsa. Zai yi hayar ƙaramin bas ya tuƙa da kansa. Ana gobe suna zai bi ta Birmingham ya ɗauko surukarsa Hajiya Asama'u, wadda ta taso takanas daga Kano saboda haihuwar nan tana zaune a unguwar Sparkhill wajen ɗanta Sunusi. Zai haɗa da ragon suna da wainar matan unguwa, su tsallaka da yamma, su kwana a can, gari na wayewa a raɗa suna yana zaune a sahun gaba. Batun ruwa kuwa, ya ce shi da ya yi bautar ƙasa a Ibi, kowane mako yana tsallaka Binuwai a jirgin fito, ba za a koya masa ba. Kana isa bakin ruwa ka nemi babban masu fito, ku gaisa, ka tambayi iyali, magana ta ƙare.

Abdussalam ya bugo waya da ya ji labari, muryarsa a sanyaye. Ya ce Yaya, jirgin ruwan fa sai an yi booking, wato a kama wuri tun da wuri, sau ɗaya yake tashi a rana, kuma kwana ake yi a ruwa. Ya ce rago ma kada a wahala, tumakin tsibirin sun fi mutanensa yawa, ya riga ya yi magana da wani. Bara'u ya saurara yana murmushi. A Ibi ma haka ake tsorata baƙo, a ce jirgi ya tashi sai gobe, da ka san bakin zaren sai ka ga an tayar da inji.

"Likita, kai dai ka ji da maijego. Hanya ka bar mana."

Sunusi ya riga ya fara nemo wa Hajiya jirgin sama. Bara'u ya hana. Ya ce abin kunya ne a ce yana raye, yana da lasin tuƙi, a riƙa jefa uwar matarsa daga wannan jirgi zuwa wancan kamar kaya. Sunusi ƙani ne, ya ce to Yaya. Zinatu na tsakiyar jiƙa shinkafar waina ta ɗago ta tambaye shi ko ya yi booking ɗin. Ya ce an gama komai. Ta san wannan muryar sarai, amma hannunta na cikin ƙullu, ta bar maganar.

Ranar tafiya, tun da sanyin safiya matan Moss Side da na Salford suka yi ta sauke kuloli a ƙofar gida: waina, miyar taushe, dambun nama, cincin, jarkokin zoɓo. Kowace da saƙon da za a gaya wa maijego, kowace da gargaɗin a dawo mata da kularta. Zinatu na shiga mota, Ɗan'azumi ya fito da 'yar jakarsa ya ce shi ma za shi, ba ya so a ba shi labari. Da suka hau babbar hanya ya leƙa allo ya ga sun nufi kudu, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an tafi ƙarshen arewa ta hanyar juya mata baya ba. Bara'u ya ce shi ya sa har yau ba a ba shi jagorancin komai ba. Ya kuma kashe muryar matar nan mai ba da kwatance a mota, ya ce ba ya son surutu.

A Sparkhill ya rasa wurin ajiye mota, ya tsaya a layin bas a kan Stratford Road, ya kunna fitilu ya ce minti biyu ne. Hajiya ta sauko. Bara'u ya zube a kan daɓen titi yana gaishe ta, kansa a ƙasa, har wata Baturiya mai tura keken jariri ta tsaya tana tambaya ko a kira motar asibiti. Sai kaya suka fara saukowa. Ƙatuwar tukunyar wankan jego, buhun gero, kanwa, busasshen ganyen darbejiya, tabarma. Sunusi ya yi ta hawa yana sauka, bayan bas ɗin ya cika har rufi.

Saura rago. Bara'u ya riga ya ba mahaucin unguwar umarnin kada a daddatsa shi, a bar shi sukutum da kai da ƙafafu, don mutanen tsibiri su ga abin da ake kira ragon suna. Da aka fito da shi a naɗe cikin leda, babu kular da zai shiga, babu kuma wuri a baya. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa suna ba da shawara da harsuna uku. Ƙarshe dai aka zaunar da shi a kujera kusa da Ɗan'azumi, aka jera masa ledojin ƙanƙara a jiki, aka ɗaura masa bel. Kafin a gama, ma'aikacin kula da ajiye motoci ya riga ya manna takardar tara a gilashi. Bara'u ya bi shi yana yi masa bayanin haihuwa da zumunci, mutumin ya ce yana taya shi murna, ya wuce abinsa.

Sunusi ma ya shiga, suka juya arewa, suka sake wuce Manchester da suka baro ɗazu. Ɗan'azumi ya ɗaga wa garin hannu ya ce a gaida mutanen gida.

Tafiya ta miƙa. Ƙanƙara ta fara narkewa, jan ruwa ya bi ƙarƙashin kujeru ya shiga takalmin Ɗan'azumi. Wata jarkar zoɓo ta kwanta a kan buhun gero. Duk inda aka tsaya hutawa kowa ya ci ya sha ya kewaya, ban da Bara'u, don ba zai tauna abu a gaban surukarsa ba, balle ta gan shi ya nufi bayan gida. Ya zauna a bayan sitiyari ciki na kuka, mara a ɗaure, yana cewa shi in yana tuƙi ba ya jin yunwa. Hajiya kuwa carbinta take ja, lokaci-lokaci ta tambayi Zinatu ko an kusa garin su Hafsa. Bara'u ne ke amsawa ta madubi, wai saura ƙiris.

Bayan sun wuce Glasgow Sunusi ya duba wayarsa, ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa Zinatu. Ita ma ta kalla, ta mayar masa. Sunusi ya yi gyaran murya ya ce cikin ladabi, Yaya, waya fa tana nuna ruwan da ɗan yawa.

"Wayar ta taɓa zuwa?"

"A'a, Yaya."

"To."

Ɗan'azumi ya leƙo ta kafaɗar rago ya ce, kai fa, ka taɓa zuwa? Bara'u ya ce tuƙi yake yi, kada a ɗauke masa hankali.

Sun shiga Aberdeen da yamma liƙis, amma rana na nan tsaye abinta, irin ta bazarar ƙasar nan da ba ta san lokacin tafiya gida ba. A tashar jiragen ruwa Bara'u ya fara neman inda masu fito ke zama. Abin da ya gani wani jirgi ne mai tsayin gidan bene, ya riga ya bar gaɓa yana fita a hankali. Ya sauka da gudu, ya cire hula yana kaɗa masa, har da fito da baki. Wasu fasinjoji daga can sama suka ɗago masa hannu cikin fara'a.

Bai karaya ba. Ya mayar da hula, ya gyara babbar riga, ya shiga ofishin tikiti, Ɗan'azumi na biye da shi takalmi na ƙara. Ya gai da matar da ke wurin gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya furta sunan garin yadda ya koya wa jama'a, ya haɗiye harafin tsakiya da kyau. Ta gane shi sarai. Ta ce jirgin yau shi ne wancan, na gaba sai gobe da yamma, ya isa jibi da safe, kuma wurin mota a cike yake har wani makon. Ya tambaya ko zai iya ganin mai jirgin. Ya tambaya ko akwai ƙarami, ko da na masu kamun kifi ne, ai ɗan tsallake ne. Ta dube shi, ta nuna masa bango.

Wata ƙatuwar taswira ce a jikin bangon. Bara'u ya je ya duba dab da Aberdeen, inda ya auna yatsa biyu. Ba komai sai shuɗi. Ya duba hagu, ya duba dama. Ɗan'azumi ya sa yatsa a kan Aberdeen ya fara hawa, ya wuce ƙarshen Scotland, ya wuce wasu tsibirai, ya ci gaba cikin shuɗin nan har sai da ya yi ɗage, sannan yatsan ya sauka a kan garin, can a hanyar Norway.

"Akanta," in ji shi, "ina jin an fito da su daga akwatin."

Bara'u bai iya gaya wa Hajiya da bakinsa ba. Zinatu ya kira gefe, ita ta shiga motar ta faɗa. Hajiya ta ajiye carbi ta yi tambaya ɗaya, wato ba za ta ga sunan ba ke nan? Da aka ce haka ne, sai ta juya fuskarta wajen taga ta sa bakin mayafi a ido. Tsohuwar da ba ta son jirgin sama, ta daure ta taso daga Kano don wannan safiya guda. A nan ko Ɗan'azumi bai yi dariya ba.

Suka kwana a wani masauki. Sunusi, ba tare da ya nemi izinin kowa ba a wannan karon, ya samo wa Hajiya da Zinatu kujeru a jirgin ruwan yamma, su shiga su kaɗai ba mota.

Da safe suka taru a filin ajiye motoci a bakin teku, aka buɗe ƙofofin bas don iska ta shiga, saboda rago ya fara sanar da kansa. Waina ta yi tsami. Zinatu ta buɗe kuloli tana duba abin da zai tsira, sai fararen tsuntsayen tekun nan marasa kunya suka sauko rundunarsu. Ana cikin korarsu waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne na suna, an haɗa kowa da kowa: Abdussalam da 'yan tsirarun abokansa a Lerwick, dangi a Kano, da jama'ar Manchester da suka cika wani falo a Salford sun ci ado.

Tambayar farko da aka yi ita ce ina tawaga. Bara'u ya fara cewa an ɗan samu canjin tsari. Ɗan'azumi, da yake shi ke riƙe da wayar, ya juya ta a hankali ya nuna musu tsarin: teku, rago ɗaure da bel, Hajiya zaune a kan tukunyar wanka, da wani tsuntsu da ya tashi da waina a baki. Falon Salford ya kaure. Wata ta gane kularta ta ce a kore mata wancan. Wani dattijo ya tambaya wai nan ne Lerik ɗin, ai kuwa ga ruwa, ina lakar? Daga Kano wata gwaggo ta yi ta tambaya me ya sa ba su ƙarasa ba tun da ga shi sun kusa. Bara'u ya tsaya gefe yana jin ina ma ƙasa ta tsage. Takwara kam ya cire rai, har ya fara shirya fuskar da zai yi in aka ce Zayd.

Aka yi shiru, aka yi salati. Abdussalam ya ce an yanka rago tun da asuba, ɗan tsibiri. Sannan ya ce akwai mutumin da ya ba shi wurin kwana lokacin da ba shi da kowa a ƙasar nan, bai taɓa nuna masa gajiya ba, kuma tun a kan kujerar falon nan ya yi wa kansa alkawarin in Allah ya ba shi ɗa namiji sunan da zai sa ke nan. Shi da Hafsa sun gama magana tun cikin yana ƙarami. Yaro ya ci suna Bara'u.

Abin da ya daɗe yana so ke nan, ga shi ya samu, amma daɗin ya kasa shiga. Ashe da ya zauna a gida ya bar Sunusi ya sayi tikitin jirgin sama, da sunan nan nasa ne, Hajiya kuma tana can riƙe da jikanta. Idonsa ya cika.

Sai Abdussalam ya ce to kaka ta sa albarka. Aka kai wa Hajiya waya. Ta daɗe tana kallon jaririn a hannun wata maƙwabciya Baturiya, sannan ta ɗaga tafukanta, kowa ya ɗaga nasa.

"Allah ya raya shi, ya albarkaci rayuwarsa, ya sa ya ji ƙan iyayensa. Suna ya gada na mutumin kirki, mai zumunci, wannan na shaida." Ta ɗan numfasa. "Allah ya tsayar da gadon a nan."

Amin ta tashi daga Salford, ta tashi daga Kano, ta tashi daga tsibiri. Bara'u na tsaye hannuwa a sama. Addu'ar suruka ce, kuma idon Hajiya na kansa. Ya shafa a fuska ya ce amin.